Tunawa da Stanisława Leszczyńska, ungozomar da ta karɓi haihuwa a sansanin Auschwitz

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, muna roƙon ka ba mu fili mu tuna da wata baiwar Allah wadda yawancin masu karatu ba su taɓa jin sunanta ba, alhali duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mai naƙuda ya kamata ya san ta. Mu ungozomomi ne da ma'aikatan jinya, cikinmu akwai Musulmi akwai Kirista. Watan Mayu watanmu ne. Ranar 5 ga wata ta ungozomomin duniya ce, ranar 12 kuma ta ma'aikatan jinya. A tsakaninsu akwai 8 ga Mayu, ranar da ƙasar Poland ta keɓe wa nata ungozomomin, domin a ranar ce aka haifi Stanisława Leszczyńska a birnin Lodz, a shekarar 1896.

'Yar talakawa ce. Mahaifinta kafinta ne, mahaifiyarta kuma tana aiki a masaƙa. Neman abinci ya kai iyalin Rio de Janeiro ta ƙasar Birazil a 1908, suka dawo gida bayan shekara biyu. Ta yi aure a 1916 da wani ma'aikacin maɗaba'a mai suna Bronisław. Tana da 'ya'ya biyu ƙanana a hannu ta shiga makarantar ungozomomi a Warsaw a 1920, ta gama a 1922 da sakamako mai kyau, sannan ta koma Lodz ta ƙara haihuwar biyu, suka zama huɗu, maza uku da mace ɗaya. Kusan shekara ashirin ta yi tana bin gidajen talakawan unguwarta da ƙafa, dare da rana, tana karɓar haihuwa. 'Yar ɗarikar Katolika ce mai riƙo da addini, wadda ba ta fara aiki sai ta yi addu'a.

Da sojojin Jamus suka mamaye Poland a 1939, sai suka killace Yahudawan Lodz a unguwa guda da ke dab da gidansu. Iyalin suka shiga kai musu abinci a ɓoye, da takardun shaida na jabu waɗanda maigidan ke bugawa. A watan Fabrairu na 1943 asiri ya tonu. 'Yan sandan ciki na Nazi, wato gwamnatin Hitler ta Jamus, suka kama ta tare da 'ya'yanta uku. Mijin da babban ɗan suka tsere. Aka tura ƙananan mazan biyu fasa dutse a sansanin Mauthausen-Gusen, ita da 'yarta Sylwia, wadda ɗalibar likitanci ce, aka kai su Auschwitz, sansanin tsare mutane da kisa da Jamusawa suka gina a Poland, ranar 17 ga Afrilu, 1943. Aka zana mata lamba 41335 a hannu. Shekararta 46. Mijinta kuwa ba ta sake ganinsa ba, ya mutu a boren Warsaw na 1944.

Ta samu ta ɓoye takardar shaidar aikinta, kuma da ita ta nemi a bar ta ta yi aikin ungozoma a sashen marasa lafiya na sansanin mata da ke Birkenau, wani ɓangare na Auschwitz. Abin da muka sani game da wurin ya fito ne daga rahoton da ita kanta ta karanta a gaban takwarorinta a Lodz a 1957, aka buga shi a wata mujallar likitoci ta ƙasar a 1965. Muna so masu karatu su tsaya su kalli ɗakin nan da idon mai aikin asibiti.

Dogon zaure ne na katako, tsawonsa kimanin mita 40, ɓeraye sun huhhuda bangonsa. An gina sansanin a kan fadama mai laka, saboda haka in an yi ruwa mai ƙarfi sai ya kwanta a ƙasan ɗakin. Gadaje hawa uku ne, kowanne mata uku ko huɗu a kan katifar ciyawa da ta ruɓe. Marasa lafiya a ɗaki guda sukan kai dubu ɗaya zuwa dubu da ɗari biyu: masu zazzaɓin kwarkwata, masu atini, masu taifod, duk a cakuɗe. A tsakiyar ɗakin, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, akwai murhu na bulo mai kama da dogon dakali, wanda ba a hura shi sai sau kaɗan a shekara. A kan wannan dakali ake haihuwa, don babu wani shimfiɗaɗɗen wuri sai shi. Gadaje talatin da ke kusa da shi su ne ɗakin masu jego. Lokacin sanyi ƙanƙara takan zubo daga rufi ta daskare tana reto. Babu maganin kashe ƙwayoyin cuta, babu bandeji, babu auduga. Ruwa kuma ita ce mai ɗebo shi da kanta, bokiti ɗaya yakan ci mata kusan minti ashirin. Da wannan bokitin za a wanke uwa, a wanke jariri, ta wanke hannunta.

A wannan wuri, bisa lissafinta, ta karɓi haihuwa fiye da 3,000 cikin ƙasa da shekara biyu. Wata rana likitan sansanin ya umarce ta ta kawo masa adadin matan da suka kamu da zazzaɓin jego da adadin iyaye da jariran da suka mutu wajen haihuwa. Ta ce masa babu ko ɗaya. Ya dube ta da mamaki da fushi, ya ce ko manyan asibitocin jami'o'in Jamus ba za su iya faɗin haka ba.

A nan ne muke son mu daɗe, domin wanda bai yi aikin ba zai ɗauka kirari ne kawai. An ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ungozomar da aka ƙwace wa allura, da safar hannu, da wuta, da likitan tiyata, mene ne ya rage mata?

Abu na farko da ke kashe mai jego a irin wannan ƙazanta shi ne zazzaɓin jego. Bayan mabiyiya ta fita, wurin da ta manne a jikin mahaifa ɗanyen miki ne mai faɗin tafin hannu, bakin mahaifa kuma a buɗe yake. Duk ƙwayar cutar da ta shiga ta nan ta samu hanya kai tsaye zuwa jini. Yawanci kuma ba iska ce ke kai ta ba, hannun mai karɓar haihuwa ne. Likita Ignaz Semmelweis ya tabbatar da haka a Viyana tun 1847: da ya tilasta wa likitoci wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa mai naƙuda, mutuwar masu jego a sashensa ta faɗo daga kusan 18 cikin ɗari zuwa kimanin 2. Alamun ciwon ba sa ɓuya ga mai lura: zafin jiki da ya kai digiri 38, ciwon mara, jinin biƙi mai wari, da mahaifar da ta ƙi komawa mazauninta. Ita Leszczyńska ta yi zaton watakila jikin matan ne ya rame har ƙwayoyin cuta suka rasa abin ci a cikinsa. Da dukkan girmamawa, ba mu yarda da wannan bayani ba, domin yunwa karya garkuwar jiki take yi, ba ƙara ta ba. A ganinmu tawali'u ne ya hana ta faɗin abin da ya fi kusa da gaskiya, wato hannunta. Ungozomar da ta san ba ta da abin tsabtace hannu sai ruwa ba za ta riƙa cusa yatsa tana duba bakin mahaifa a kai a kai ba, ba za ta fasa faya da gangan ba, ba za ta danna ciki don ta gaggauta naƙuda ba. Za ta zauna ta yi haƙuri, ta karanta naƙudar daga numfashin mace, da nishinta, da tazarar ciwon. Ko a asibitin da ke da komai, ƙa'ida ita ce a duba ciki sau ɗaya cikin awa huɗu, sai fa in akwai dalili. Kowane dubawa da aka ƙara ba bisa dalili ba ƙofa ce aka ƙara buɗe wa cuta.

Na biyu zubar jini. In mace ta zubar da jinin da ya kai rabin lita cikin awa 24 bayan haihuwa, an shiga haɗari, kuma macen da yunwa ta riga ta shanye wa jini ba ta ma jure haka. Babban dalili shi ne mahaifa ta ƙi tsukewa. Jijiyoyin jinin da ke ciyar da mabiyiya a tsakanin naman mahaifa suke ratsawa, in naman ya tsuke sai ya shaƙe su kamar an ɗaure bakin salka, in kuwa ya saki sai jini ya yi ta kwarara. A yau muna yi wa mace allurar oksitosin, awo 10 a cinya, cikin minti ɗaya da fitowar jariri, inda babu ita kuma a ba ta ƙwayar misofurostol maikirogiram 600 ta haɗiye. Wadda ba ta da ko ɗaya sai ta koma ga abin da aka koya wa ungozomomi tun zamanin Leszczyńska: kada a ja cibiya kafin mabiyiya ta saki da kanta, domin jan yakan tsinke ta ko ya juyo da mahaifa waje, a sa mace ta yi fitsari, saboda cikakkiyar mafitsara tana hana mahaifa tsukewa, a dafa mara a murza har a ji mahaifa ta yi tauri kamar ƙwallo, a shimfiɗa mabiyiya a duba ta ɓangare-ɓangare, don ɗan guntun da ya rage a ciki ya isa ya jawo jini yau ko ruɓa bayan kwana uku, a kuma ɗora jariri a nono nan take, saboda tsotsonsa yana sa jikin uwa ya saki sinadarin da ke tsuke mahaifa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan jinin haihuwa kam ido yakan rage lissafi, shi ya sa ake ƙirga tsummokaran da suka jiƙe, a kuma riƙa taɓa bugun jijiyar hannu.

Cibiya ba ta buƙatar dogon bayani, sai dai kuskure a kanta yana da tsada. A jira minti ɗaya zuwa uku jinin da ke cikinta ya gama shiga jikin jariri, a ɗaure da zare mai tsabta a wuri biyu, na farko kimanin yatsa biyu daga cikin jariri, na biyu yatsa biyu ko uku gaba da shi, a yanke a tsakani da sabuwar reza ko almakashin da aka tafasa. In ɗaurin ya yi sako-sako jariri zai yi ta ɗigar jini a cikin zani ba wanda ya lura, kuma jinin jikinsa gaba ɗaya bai wuce kofin shayi babba ba. In abin yankan ya ƙazantu, ko aka shafa toka, ko man goge baki, ko kashin shanu, to an gayyato tatanas: yaron da ke shan nono lafiya sai ya daina bayan 'yan kwanaki, bakinsa ya sarƙe, jikinsa ya sandare. Abin da ake shafawa yanzu man kulohezidin ne, sau ɗaya kullum a makon farko, ba a haɗa shi da komai.

Duk wannan hannun ungozoma zai iya. Abin da ya fi ƙarfin hannunta a Birkenau shi ne abin da ya biyo bayan haihuwar, sanyi da yunwa. Jariri yakan fito a jiƙe daga ɗumin cikin uwa, ba ya iya karkarwa don ya ɗumama kansa, kuma kansa babba ne a kan jikinsa, ta nan zafi ke saurin fita. Zafin jikinsa bai kamata ya sauka ƙasa da digiri 36.5 ba, shi ya sa ake so ɗakin haihuwa ya kai digiri 25. In ya yi sanyi sai ya ƙona ɗan sukarin da ke jikinsa, ƙafafunsa su yi sanyi, kukansa ya raunana, ya kasa kama nono, rashin shan nonon kuma ya ƙara masa sanyi. Wannan ne dalilin da ya sa muke ta roƙon iyaye da kakanni, musamman da hunturu, a goge jariri a busar da shi nan take, a jefar da jiƙaƙƙen zanin, a kwantar da shi tsirara a ƙirjin uwa a lulluɓe su tare, a sa masa hula, wanka kuma a bari sai bayan awa 24. A sansanin, mace mai ciki takan hana kanta rabonta na burodi na kwanaki don ta musanya shi da zanin gado guda, ta yayyaga shi ya zama tsummokaran jariri. In ta samu ta wanke su, an hana shanya a inda za a gani, sai ta ɗaura su a bayanta ko cinyarta su bushe da zafin jikinta. Jariri ba shi da rabon abinci, ko ɗigon madara, nonon uwar da yunwa ta gama da ita kuma ya ƙafe. Ga ɓeraye da ke bin marasa ƙarfi da dare.

Sai kuma kisa da gangan. Kafin watan Mayu na 1943, duk jaririn da aka haifa a sansanin ana nutsar da shi ne a cikin ganga ta ruwa. Wata Bajamushiya fursuna mai suna Klara, wadda ungozoma ce a da kuma laifin kashe jariri ne ya kai ta kurkuku, ita da mataimakiyarta Pfani ke yin wannan aiki, uwar tana kwance tana jin motsin ruwan. Da aka ba Leszczyńska wannan umarni sai ta ƙi, ta ce ba a kashe yara. A wurin da ake harbe mutum don ya tsaya ba daidai ba a layi, ta faɗi haka ga masu iko, kuma ba ta taɓa janyewa ba har ƙarshe. Ba ta iya hana Klara ba, jariran Yahudawa an ci gaba da kashe su. Amma kowace mace, Bayahudiya ce ko 'yar Poland ko 'yar Rasha, ta karɓe ta yadda ake karɓar haihuwa, ta ɗaure cibiya, ta wanke yaron, ta miƙa wa uwarsa ta gan shi, ko da ta san ba zai kwana ba. Wani zai ce mene ne amfanin ɗaure cibiyar yaron da za a kashe kafin dare. Mu da muke wannan aiki mun san amfaninsa. Ranar da ungozoma ta fara zaɓen wanda ya cancanci kulawarta, ranar ta tashi daga ungozoma.

Daga tsakiyar 1943 aka fara ɗauke jarirai masu shuɗin ido da farin gashi zuwa garin Nakło don a rene su a matsayin Jamusawa. Sai ta ƙirƙiro dabarar yi musu wata 'yar jarfa a fata, inda masu gadi ba za su lura ba, ta nuna wa uwar, don in Allah ya sa an fita da rai ta gane ɗanta. Lissafin da ta bayar a rahotonta shi ne: fiye da 1,500 Klara da Pfani suka nutsar, fiye da 1,000 sanyi da yunwa suka kashe, 'yan ɗaruruwa aka kai Nakło, kimanin 30 ne suka rayu har aka buɗe sansanin.

Imaninta ba abin da take ajiyewa a ƙofar ɗakin haihuwa ba ne. Matan da suka tsira sun ba da shaida cewa takan yi alamar gicciye ta yi addu'a kafin ta karɓi haihuwa, takan rera waƙoƙin yabon Maryamu a hankali don ta kwantar wa masu naƙuda da hankali, takan kuma yi wa jarirai baftisma. A koyarwar Katolika, in ana tsoron mutuwa kuma babu Fada a kusa, kowa yana iya yin baftisma: a zuba ruwa a kan yaron ana ambaton sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki. Daga bokitin nan na minti ashirin take rage ruwan wannan ma. Fursunoni ba sa kiran ta da suna ko da lamba, Mama suke ce mata. Ita ma zazzaɓin kwarkwata ya kwantar da ita, likitoci mata 'yan'uwanta fursunoni suka yi jinyarta, ta tashi ta koma kan aiki.

Ba za mu iya rubuta wannan ba tare da mun ambaci namu ba. Saifura Hussaini Ahmed Khorsa da Hauwa Mohammed Liman ungozomomi ne da ke aiki da ƙungiyar agaji ta Red Cross a garin Rann na jihar Borno, cikin 'yan gudun hijira. An sace su ranar 1 ga Maris, 2018, aka kashe Saifura a watan Satumba, Hauwa kuma a Oktoba na waccan shekarar. Allah ya jiƙansu. Muna roƙon shugabannin makarantun koyon aikin ungozoma da na jinya su sa tarihin waɗannan mata uku cikin abin da ake karantar da ɗalibai, a kuma samu mai fassara rahoton Leszczyńska zuwa Hausa. Gajere ne, ana gama karanta shi a zama ɗaya.

A watan Janairu na 1945, da Jamusawa suka kora fursunoni da ƙafa zuwa yamma cikin ƙanƙara, ta tsaya tare da marasa lafiyar da ba sa iya tafiya har sojojin Tarayyar Sobiyet suka iso ranar 27 ga wata. Ta koma Lodz, kuma cikin ikon Allah 'ya'yanta huɗu duka suka dawo da rai. Ta ɗauki jakar aikinta ta ci gaba da karɓar haihuwa a unguwarta har wajen 1957, shekara 35 ke nan a bakin aiki. Ba ta cika son maganar sansanin ba, sai da shekara goma sha biyu ta wuce sannan ta karanta rahoton nan. A watan Janairu na 1970 aka yi wani taro a Warsaw inda ta haɗu da wasu daga cikin matan da ta karɓi haihuwarsu, tare da 'ya'yan da aka haifa a kan dakalin murhun nan, sun zama samari da 'yanmata masu shekara ashirin da ɗoriya.

Ta rasu ranar 11 ga Maris, 1974, tana da shekara 77, bayan fama da ciwon daji. A 1992 Cocin Katolika ya buɗe binciken rayuwarta, matakin farko na sanya mutum cikin tsarkaka, shi ya sa mabiya ɗarikar ke kiran ta Baiwar Allah. A 1996, shekara ɗari da haihuwarta, aka ɗauke ƙasusuwanta daga maƙabarta aka mayar da su cocin Ɗaukar Maryamu zuwa Sama da ke Bałuty, unguwar da ta yi aiki a cikinta.

Mun gode da wannan fili da ka ba mu. Allah ya sauki masu ciki lafiya.

Naka,
Wasu ungozomomi da ma'aikatan jinya,
daga Kaduna da Jos.